Dabarun Cin Zaɓe Na 'Yan Mazan Jiya: Abin Da Tarihin Zariya Ya Nuna

Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato, akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a majalisun hira na Tudun Wadar Zariya, tun daga bakin Ƙofar Doka har zuwa Kongo inda ɗalibai suke. Muhawarar kuwa ita ce, ta wace hanya masu ra'ayin 'yan mazan jiya za su ci zaɓe, kuma yaya ya kamata su yi da batutuwan nan masu raba kan jama'a, irin su addini da sarauta da matsayin mata. Waɗansu suna ganin hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko batun da ya fi sosa zukatan mutane, a yi ta kaɗa gangarsa har ranar jefa ƙuri'a. Waɗansu kuwa suna ganin yin haka wasa da wuta ne a gindin rumbu. Tarihin siyasar wannan yanki, tun daga 1948, ya fi goyon bayan mutanen baya, kuma ya kamata ma'aikata da ɗalibai su san dalili, domin su ne za su riƙa rubuta wa 'yan siyasa takardun shawara, su ne kuma za su zauna da abin da ya biyo baya.

Idan an ce 'yan mazan jiya, ana nufin mutanen da suka yi imani cewa abin da aka gada na addini da sarauta da tarbiyyar gida da girmama na gaba yana da amfani, bai kamata a rushe shi dare ɗaya ba, in kuwa za a yi gyara to a yi shi sannu a hankali. Wannan ra'ayi ne mai mutunci, kuma jama'a masu yawa a Arewa suna kansa. Amma yawan masu ra'ayi daban, cin zaɓe daban, riƙe ƙasa bayan an ci kuma daban.

Babu inda ya fi Tudun Wada dacewa a auna wannan magana. Turawan mulki ne suka keɓe ta a bayan ganuwa domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birni ba ne, saboda haka tun farko Bakano da Bakatsine da Banufe da Babarbare suka zauna ƙofa da ƙofa. Daga baya ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da ɗaliban Kongo daga kowane lardi suka ƙaru. Birni yana gefe ɗaya da fadarsa da malamansa, Sabon Gari yana ƙetaren Kubanni da 'yan kasuwarsa. Ɗan takarar da ya zo Tudun Wada yana taƙama da asali kaɗai, ko da ƙabila kaɗai, zai koma da rabin abin da ya zo nema. Wannan kuwa shi ne halin Jihar Kaduna baki ɗaya, shi ne kuma halin Nijeriya.

FAƊIN RUMFA

Abu na farko da magabata suka gane shi ne faɗaɗa rumfa. A watan Oktoba na 1948 aka yi tarurruka a Zariya da Kaduna waɗanda suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa. Shugabanta na farko shi ne Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, Kirista mutumin Wusasa. A cikinta akwai Malam Abubakar Imam, akwai kuma Malam Aminu Kano kafin hanya ta rabu a kafa N.E.P.U. a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. Da ƙungiyar ta zama jam'iyyar siyasa ta N.P.C. a 1951, ta shiga hannun Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba ta watsar da wannan tushe ba. Takenta ya yi kira ga Arewa ɗaya da al'umma ɗaya ba tare da duban addini ko ƙabila ko matsayi ba, kuma an ga irin su Peter Achimugu da Michael Audu Buba suna riƙe da muƙaman minista a Kaduna. Manufar ba 'yan Arewa fifiko a aikin gwamnati ta haɗa ɗan Kabba da ɗan Katsina a kan buƙata guda. A zaɓen Tarayya na Disamba 1959, N.P.C. ta sami kujeru 134 daga cikin 174 na Arewa.

Shekara ashirin bayan haka N.P.N. ta maimaita dabarar a faɗin ƙasa. Ta raba manyan muƙamai tun kafin zaɓe: Alhaji Shehu Shagari daga Arewa ya tsaya takarar Shugaban Ƙasa, Dokta Alex Ekwueme daga Gabas ya zama mataimaki, Cif Adisa Akinloye daga Yamma ya riƙe jam'iyya, Dokta Joseph Wayas na Kuros Riba ya shugabanci Majalisar Dattawa. A zaɓen 11 ga Agusta, 1979, Shagari ya sami kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un ƙasa. A Kano bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, har sai da Kotun Ƙoli ta shiga lissafin nan na kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Waɗanda suka ɗauke shi kuwa, ban da Sakkwato da Bauci da Neja, su ne Binuwai da Ribas da Kuros Riba, inda ya sami fiye da kashi 60 cikin ɗari a kowace. Watau jam'iyyar da ake yi wa kallon ta sarakunan Arewa ta ci zaɓe ne da ƙuri'un mutanen da ba su da sarki irin na Arewa, kuma akasarinsu ba Musulmi ba ne. Wanda ya manta da wannan lissafi bai san yadda aka hau ba.

GYARA KAFIN A TILASTA

Abu na biyu shi ne yin gyara da hannunka kafin abokin hamayya ya yi maka shi da nasa. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Dokokin Arewa ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, a daidai lokacin da mutane da yawa ba su iya ɗaga ido su dubi sarki. Daga nan aka fara ɗaure sarakuna da shawarar majalisunsu, har aka kai ga dokar En'e ta 1954. Wannan mataki ya rage wa N.E.P.U. kaifin makaminta, ya kuma ƙara wa sarauta kwana. Haka aka yi a Ingila a 1867, sa'ad da jam'iyyar 'yan mazan jiya, bisa jagorancin Benjamin Disraeli a Majalisar Wakilai, ta ba ma'aikatan birane masu yawa ikon jefa ƙuri'a. Ta faɗi zaɓen 1868, amma ta dawo da rinjaye a 1874, kuma tun daga nan ba a ƙara iya cewa leburori ba su zaɓenta ba.

Inda aka ƙi bin wannan hanya kuwa, an biya da tsada. N.P.C. ta tsaya kai da fata cewa matan Arewa ba za su yi zaɓe ba, alhali matan Kudu suna yi. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya, ta sha ɗauri sau da dama a kan gwagwarmayarta a N.E.P.U., wadda neman wannan haƙƙi yana cikinta. An ce al'ada ce ta hana, an ce jama'a ba su shirya ba. Amma da gwamnatin soja ta buɗe ƙofar a 1976, ba a ga sama ta faɗo ba, kuma a 1979 magadan waɗanda suka hana ɗin ne suka riƙa bi gida gida suna roƙon ƙuri'ar mata. Da sun ba da haƙƙin da kansu tun a shekarun 1950, da godiyar tasu ce.

Haka batun kotunan alkalai da 'yan doka da gidajen yari na En'e. An yi amfani da su a wurare da dama an musguna wa 'yan adawa, an hana su izinin lacca, an ɗaure su bisa laifin zagin sarki. A lokacin an ga kamar riba ce. Amma a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna gaba ɗaya, kuma ba a sami masu kuka da yawa a cikin talakawa ba. Garin neman gira aka rasa ido.

DARASIN 1979

Babban darasi dai yana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa lardunan Zazzau da Katsina. Ran 21 ga Yuli, 1979, aka yi zaɓen Majalisar Dokokin Jiha, N.P.N. ta kwashe sama da kujeru 60 daga cikin 99. Mako ɗaya tak bayan haka, ran 28 ga Yuli, aka yi zaɓen gwamna, sai Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na P.R.P. ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na N.P.N. Mutanen da suka jefa ƙuri'a a makon farko su ne dai suka jefa a na biyu, to me ya sauya?

Abin da ya faru shi ne, a zaɓen majalisa ƙuri'un 'yan adawa sun rarrabu a tsakanin jam'iyyu huɗu, saboda haka N.P.N. tana iya cin mazaɓa ko da ba ta sami rabin ƙuri'un wurin ba. A zaɓen gwamna kuwa magoya bayan sauran jam'iyyu suka dunƙule a bayan mutum ɗaya. Ga kuma alkawarin P.R.P. na soke haraji da jangali, wanda kowane magidanci a ƙauye ya san ma'anarsa ba sai an yi masa fassara ba, domin ya san ranar da dagaci yake aiko masa. Jam'iyyar da ta fi kowa sanin hakimai da dagatai ita ce ta kasa jin abin da talakawansu suke faɗi a bayan idonsu.

Daga nan sai aka shiga ja-in-ja. Gwamna ya ƙi sa 'yan N.P.N. a jerin kwamishinoninsa, Majalisa kuma ta yi ta mayar masa da jerin. Jihar ta yi kusan shekara biyu babu kwamishina ko ɗaya, manyan sakatarori suna riƙe da ma'aikatu, ma'aikata suna tsakiya ba su san wanda za su bi ba. Ran 23 ga Yuni, 1981, Majalisa ta tsige Balarabe Musa, ya zama gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Kowane ɓangare yana da nasa laifi, amma a duba abin da masu rinjaye suka samu. Kujerar ba ta dawo hannunsu ba, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ne ya hau. Wanda aka tsige kuwa sunansa ya ƙara ɗaukaka har ƙarshen rayuwarsa. A 1983 Lawal Kaita ya ci zaɓen gwamna, a cikin zaɓuɓɓukan da aka yi ta gardama a kansu a faɗin ƙasa, ya yi wata uku a kan mulki, soja suka kifar da Jamhuriya ta Biyu ran 31 ga Disamba. Rinjaye a majalisa amana ce da ake juya ta da lissafi, domin ba kowane abin da doka ta ba mutum ikon yi ne yake da amfani ya yi ba.

YADDA AKE TAƁA BATU MAI ZAFI

Saura batun da ya fi kowanne nauyi, watau addini da shari'a. Sau uku wannan magana ta taso da ƙarfi, kuma kowane karo yana da abin koyo.

Karo na farko shi ne gab da samun mulkin kai, sa'ad da ƙananan ƙabilu suka kai kukansu gaban Hukumar Willink game da kotunan Arewa. Sardauna bai kai maganar dandalin lacca ba. A 1958 ya kira kwamitin masana wanda Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta, da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, tare da 'yan gida Musulmi da Kirista. Aka tsara kundin dokar laifuffuka, aka ba malamai a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu suka duba, Majalisa ta zartar a 1959, ya fara aiki a 1960 tare da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A nan Kongo, a Makarantar Koyon Aikin Mulki, aka riƙa horar da alkalai da ma'aikatan kotu a kan sabon tsarin. An sauya abu mai girma ƙwarai ba tare da an zubar da jini ba.

Karo na biyu shi ne a Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978, a kan kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya. Muhawara ta yi zafi har wakilai Musulmi da yawa suka fice a watan Afrilu na 1978, sai da Shugaban Ƙasa Janar Obasanjo ya sa baki suka koma. Aka tsaya a kan cewa ƙararrakin da suka fito daga kotunan shari'a na jihohi za su je gaban alkalai masana shari'ar Musulunci a cikin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Da aka ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba na wannan shekara, shugabannin N.P.N. ba su mai da wannan batu tutar yaƙin neman zaɓe ba. Gida da masara suka sa a gaba, watau muhalli da abinci, suka zauna jam'iyya ɗaya da mutanen da suka yi jayayya da su wata biyar da suka wuce. Da sun yi akasin haka, da ba su ga ƙuri'un Binuwai ba.

Karo na uku shi ne bayan da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999. A Kaduna maganar ta fita daga zauren majalisa ta hau titi, jerin gwano ya bi jerin gwano, a watan Fabrairu da na Mayu na 2000 aka rasa rayuka fiye da dubu, garin ya rabu gida biyu, kogi a tsakani. Daga ƙarshe gwamnatin Alhaji Ahmed Muhammad Makarfi ta koma ga hanyar da aka san ta tun 1958: shawara da kowane ɓangare, sa'an nan a 2001 aka tsara kotunan shari'a da kotunan al'ada da kotunan majistare, kowa da inda zai kai ƙararsa, aka kuma ba al'ummomin kudancin jihar masarautunsu. An sake zaɓensa a 2003. Abin takaici shi ne, sulhun da aka yi bayan jana'iza ana iya yinsa kafin ta.

Mutanen Zariya ba su bukatar a ba su labarin wannan. Sun ga yadda rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya iso garinsu cikin 'yan kwanaki aka ƙona wuraren ibada, sun kuma ga na bayan zaɓen Afrilu 2011. Mai shago a Tudun Wada da ɗalibar da iyayenta suka aiko daga nesa su ne suke biyan bashin kalmar da wani ya furta a kan dandamali ya shiga motarsa ya tafi.

AMSA GA MASU SUKA

Akwai masu cewa duk wannan tsoro ne aka sa masa rigar hikima. Suna cewa sassaucin 1960 ya bar Musulmi da yawa da ƙorafin an rage wa shari'a matsayi, shi ya sa maganar ta dawo a 1978 da 1999, saboda haka rufa-rufa ba ta kashe batu. Suna kuma cewa an sha cin zaɓe da kiran addini ko na ƙabila, to don me za a bar makamin da yake ci?

Maganarsu ta farko tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba a ce mai aƙida ya ɓoye aƙidarsa ba. Wanda ya yi imani da abu ya faɗe shi a fili, ya kawo hujja, ya nemi doka ta hanyar majalisa. Abin da ake ja a kansa shi ne wuri da lokaci da harshe. Batun da ya shafi imanin mutane yana bukatar zaman masana, da sauraron wanda abin zai shafa, da bayani filla-filla na abin da doka za ta taɓa da abin da ba za ta taɓa ba. Makon zaɓe ba ya ba da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Game da magana ta biyu kuwa, gaskiya ne makamin yakan ci, amma sau ɗaya yake ci da sauƙi. Da zarar an kira rabin jama'a da sunan addini, an kira ɗaya rabin ke nan su ma su dunƙule. A zaɓen gwamnan Kaduna na 2023 tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba, a cikin fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da su biyun suka samu. A jihar da lissafinta yake haka, babu ɓangaren da zai iya cewa ba ya bukatar wani. Bugu da ƙari, ɗan mazan jiya da ya tayar da tarzoma ya ci amanar ra'ayinsa, domin abin da yake da'awar karewa, watau zaman lafiya da mutuncin manya da kwarjinin sarauta, shi ne yake fara ƙonewa. A 2011 har gidajen sarakuna matasa suka tasar wa.

Saboda haka duk jam'iyyar da take son ta gaji wannan ra'ayi, ko wane suna take amsawa, sai ta riƙe abubuwa huɗu. Ta raba muƙamai yadda kowane yanki zai ga nasa a ciki tun kafin a buga ganga. Ta nemi harajin wannan zamani, watau abin da yake ci wa talaka tuwo a ƙwarya, ko tsadar taki ne ko kuɗin makaranta ko rashin tsaro a hanyar gona, ta riga abokan hamayya magance shi. Ta bar sarakuna da malamai a matsayinsu na iyayen kowa, kada ta mai da su 'yan kamfe. Sa'an nan in batu mai zafi ya taso, ta kai shi zauren shawara tun yana ɗanye.

Ma'aikacin gwamnati kuma ya tuna cewa waɗanda suka riƙe Jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981 ma'aikata ne da suka tsaya a kan ƙa'idar aiki, shawarar gaskiya da zai rubuta a fayil tana iya hana abin da soja da 'yan sanda ba za su iya kashewa ba. Ɗalibi kuwa, musamman na Kongo da yake karanta shari'a da aikin mulki a inda aka horar da alkalan 1960, ya koyi yin muhawara da hujja, ya iya faɗin ra'ayin abokin jayayyarsa daidai yadda shi mai ra'ayin zai yarda kafin ya soke shi. Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi wa da wa ke cikin rumfarsa, wane gyara zai yi da kansa, kuma me zai ce wa maƙwabcin da bai zaɓe shi ba washegarin zaɓe. Allah ya ba shugabanni ikon jin shawara, ya zaunar da ƙasa lafiya.